Masu Kwana a Tasha da Tsaftar Wuraren Jama'a

Ɗan'uwa mai karatu, wannan darasi yana magana a kan mutanen da ba su da ɗakin kwana a birni, waɗanda dare ke riska a rumfar tasha ko a ƙarƙashin teburin kasuwa. Yana kuma magana a kan tsaftar waɗannan wurare da dukanmu muke bi. Kada ka ce kai mutumin ƙauye ne, zancen bai shafe ka ba. Kana zuwa cin kasuwa a Sokode ko Dapaong, kana kawo mara lafiya asibiti, ɗanka yana tafiya neman kuɗi da rani. Bencin da wani ya kwana a kai jiya, a kansa za ka zauna jiran mota yau. Ruwan da aka wanke kwanon da ya ci tuwo da shi, da shi za a wanke naka. Saboda haka lafiyarsa da taka a haɗe suke.

Ka karanta a hankali. Idan akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku ko a majami'arku, ka karanta masa.

1. Su wane ne suke kwana a tasha?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode, Kara, Mango da Dapaong, ta kai Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Dare da rana motoci suna bin ta, kuma duk inda mota ke tsayawa za ka tarar da rumfa, da masu abinci, da mutane kwance a kan kwali ko tsohon buhu. Daga nesa sai ka ɗauka dukansu iri ɗaya ne. Idan ka matso za ka ga kowa da abin da ya kawo shi:

- Matafiyin da mota ta lalace masa, ko guzurinsa ya ƙare.
- Samarin da suka zo ci-rani bayan girbi, suna dako, ko tura baro, ko yaran mota, ba su da kuɗin haya.
- Mata masu ɗaukar kaya a kasuwa, wasu da goyo.
- Yaran da suka gudo daga gida saboda duka ko yunwa, da almajiran da babu mai kula da su.
- Masu jinya da suka kawo ɗan'uwa asibiti daga ƙauye mai nisa, ba su san kowa a gari ba.
- Masu taɓin hankali da masu farfaɗiya da dangi suka gaji da su.
- Tsofaffi da gwauraye da aka kora daga gida, wasu bisa zargin maita.
- Waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu.

Wannan rukuni na ƙarshe sabo ne a wurinmu. Tun watan Nuwamba na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka fara kai hari a yankin Kpendjal, iyalai da yawa sun bar gonakinsu da rumbunansu. A watan Yuni na 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes. Wasu kuma sun tsallako daga Burkina Faso. Mafi yawansu dangi da mutanen kirki ne suka karɓe su a gidajensu, Allah ya saka musu. Amma ɗakin da aka gina don mutum huɗu ba ya ɗaukar goma sha biyar, shi ya sa wasu suke kwana a waje.

Kwanan baƙo a garuruwan nan tsohon abu ne. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake daga ƙasar Hausa masu zuwa sayen goro a Gwanja suna yada zango a Mango da kuma unguwar Didawure ta Sokode. A wancan zamani baƙo yana da mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki, ya nuna masa rijiya, ya tsaya masa idan ya yi rashin lafiya. Daga nan sunan Zongo ya samo asali. Yau baƙi sun ƙaru, masu masauki sun ragu, tasha ce ta zama zango, amma zangon da ba shi da mai kula.

2. Cututtukan da kwanan waje ke jawowa

Kowane lokaci na shekara da irin cutarsa.

*Da hunturu,* daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro. Mai kwana a kan siminti ba bargo yana saurin kamuwa da mura da ciwon haƙarƙari. A jikin yaro, alamar haɗari ita ce numfashi da sauri da kuma faɗawar ƙasan ƙirji idan ya ja iska. Wannan ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne, a ranar.

*Da bazara,* a Maris da Afrilu, zafi a Dapaong yana kaiwa maki 40 a ma'auni. Wannan ne lokacin sanƙarau. Arewacin Togo yana cikin yankin da cutar ke yawan ɓulla, kuma a 2016 annobarta ta taso daga Dankpen a jihar Kara, ta kashe mutane da dama. Ƙwayar cutar tana bin numfashi da tari, saboda haka tana son wurin da mutane suka cunkushe suna kwana kai da kai. Alamunta: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, da ƙin haske. A jikin jariri maɗiga tana kumbura. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya, amma yana jin magani idan an zo da wuri.

*Da damina,* sauro ne sarki. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya da dare yake cizo, daidai lokacin da mai kwana a rumfa yake kwance ba gidan sauro. Idan ya ciji mai cutar, bayan kamar kwana 10 zuwa 14 ƙwayar ta nuna a jikinsa, sai ya kai ta ga duk wanda ya ciza. Sauro bai san wane ne mai gida, wane ne baƙo ba. Wanda ya tashi daga tasha, shi ne zai shiga gidajen da ke bayanta.

Akwai kuma waɗanda ba su da lokaci:

*Tarin fuka.* Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, musamman idan yana ramewa, yana gumin dare, ko yana tofar da jini, a kai shi a gwada majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a Togo, kuma ana shan sa wata 6. Wahalar mara gida ita ce cika watannin nan. Yakan sha wata biyu, ya ji sauƙi, ya bi mota ya tafi wani gari. Cutar sai ta dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko. Wanda yake shan maganinsa daidai, bayan 'yan makonni ba ya cika yaɗa cutar. Wanda ya daina sha, shi ne yake tari a cikin mota mai mutum goma sha biyar da gilashi a rufe.

*Ƙazuwa da ƙwarƙwata.* Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana shiga ƙarƙashin fata, ya sa ƙaiƙayi mai tsanani da dare, musamman tsakanin yatsu, wuyan hannu da kugu. Tana bin haɗuwar jiki da tabarma da zane. Akwai maganin shafawa da na sha. Amma sai an yi wa dukan masu kwana tare magani rana ɗaya, an wanke tufafi da ruwan zafi an shanya a rana, in ba haka ba za ta dawo.

*Miki da gyambo.* Mai yawo ba takalmi a inda ake zubar da ƙusa, gwangwani da fasasshiyar kwalba ba ya rabuwa da rauni. Ƙaramin rauni da ba a wanke ba shi ke zama gyambo. Ta nan kuma cutar tetanus, wadda ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, take shiga.

*Cin zarafi.* Mace ko yarinya mai kwana a fili ba ta da ƙofar da za ta kulle. Idan aka yi wa wata fyaɗe, a kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin akwai maganin da ke kare ta daga cutar sida idan an fara shi cikin wannan lokaci. Kada a tsaya jin kunya ko neman sulhu har lokacin ya wuce.

*Ƙwayoyi.* Samari masu dako da yaran mota da yawa suna shan tramadol don su jure aiki da sanyi. Yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, kuma idan ya yi yawa yana sa jijjiga kamar ta farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi.

3. Yadda ƙazantar tasha take isa gidanka

Mutum zai iya haƙura da abinci yini guda, amma ba zai iya haƙura da zagayawa ba. Idan tasha ba ta da masai, ko tana da shi amma ana kulle shi da magariba, ko kuɗin shiga ya fi ƙarfin mai kwana a wurin, to bayan katanga da cikin lambatu za su zama masai. Daga nan kashi yana bin hanyoyi huɗu zuwa bakin mutane:

1. Ƙuda. Ya sauka a kan kashi, ya tashi ya sauka a kan tsire, ƙosai ko bakin jariri.
2. Ruwa. Ruwan sama na farko yana wanke komai zuwa rafi da rijiyoyin da ba su da murfi. A Sokode, abin da aka zubar a lambatu yana gangarawa rafuka irin su Kpondjo, inda wasu suke wanki da ban ruwan lambu.
3. Hannu. Wanda ya zagaya bai wanke hannu da sabulu ba, ya gaisa da kai, ya ba ka canji, ya tsoma moɗa a randa.
4. Ƙafa. Tsutsar ciki mai shan jini tana ƙyanƙyashewa a ƙasa mai laima da aka yi kashi a kai, ta huda fatar tafin ƙafa ta shiga jiki.

Ta waɗannan hanyoyi ne gudawa, atuni, zazzaɓin taifot, shawara da kwalara suke yaɗuwa. Kwalara tana iya zuƙe ruwan jikin ƙato ta kashe shi cikin 'yan awoyi.

Shara ma tana da nata aikin. Ledar ruwan sha da baƙar leda su ne suke toshe lambatu. Idan lambatu ya toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Tsofaffin tayoyi da ake jibgewa a gefen tasha suna tara ruwan sama, a ciki ne sauron da ke cizo da rana yake hayayyafa, wanda ke kawo zazzaɓin dengi. A 2023 wannan zazzaɓi ya yi ɓarna sosai a Burkina Faso, maƙwabciyarmu. Ragowar abinci tana kiran ɓeraye da karnuka. Ƙona leda kuma a tsakiyar mutane yana fitar da hayaƙin da ke tayar da asma, yana cutar da huhun yara.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa da gaskiya. Idan tasha ta yi wari, sai a ce masu kwana a wurin ne suka ɓata ta. Amma ka tsaya ka ƙirga. Masu kwana kaɗan ne, masu wucewa da rana kuwa ba su ƙirguwa. Wa ya sha ruwa ya jefar da leda ta tagar mota? Wa ya tsuguna a jikin katanga don kada ya biya kuɗin masai? Yawancin sharar tasha ta masu gida ce, ba ta marasa gida ba.

4. Me ya sa kora ba ta magance matsalar?

Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko sanda a kore su. A wasu manyan biranen Turai da Amurka har benci ake ƙerawa da ƙarfe a tsakiya don kada mutum ya iya miƙewa a kai. Amma wanda aka kora daga rumfa bai sami ɗaki ba. Ya koma kangon gini, ko bakin rafi, ko bayan makaranta, inda babu fitila, babu famfo, babu idon jama'a. Ga abin da ke biyo baya:

- Mai tarin fuka ya ɓace wa ma'aikacin lafiyar da ke bin sa da magani.
- Kashi ya ƙara matsowa kusa da ruwan sha.
- Mata da yara sun koma cikin duhu, inda mugu ya fi samun dama.
- Wanda ya kamu da sanƙarau ko kwalara babu mai ganinsa sai ya mutu, bayan ya riga ya shafa wa wasu.

Wannan ba ya nufin a bar tasha ta zama juji, ko a hana matafiyi wurin zama. Mai jiran mota yana da hakkin ya sami benci mai tsafta, mai abinci tana da hakkin ta yi sana'arta ba wari. Hanyar da ke biyan bukatar kowa ita ce tsari: a san waɗanda suke kwana a wurin, a keɓe musu gefe, a bar masai a buɗe da dare, su kuma su naɗe shimfiɗarsu da asuba, su sa hannu a shara. Mutumin da aka san sunansa, aka ba shi tsintsiya da ɗan abin sayen koko, yakan zama mai gadin wurin.

5. Idan ka tarar da mara lafiya kwance

Kada ka wuce kana cewa maye ne ko hauka. Zazzaɓin da ya hau kai, sanƙarau, faɗuwar sukari da zafin rana duk suna sa mutum ya yi kamar mashayi. Ga abin da za ka yi:

1. Ka yi masa magana, ka taɓa kafaɗarsa. Ka duba ko yana numfashi.
2. Idan ya suma amma yana numfashi, ka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada ka ɗura masa ruwa ko kunu.
3. Idan mota ce ta buge shi ko ya faɗo daga sama, kada a ja shi ko a lanƙwasa wuyansa. A ɗauke shi a miƙe a kan katako.
4. Idan yana jijjiga, ka kawar da wuta da duwatsu daga kusa da shi, ka sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada ka sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a danne shi. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a tafi asibiti.
5. Idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai da tsakar rana, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita.
6. Idan gudawa yake yi kuma yana iya sha, a ba shi ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan ba tsayawa, har a isa asibiti.
7. Ka kira sarkin tasha ko shugaban direbobi su taimaka da abin hawa. Sokode da Dapaong kowanne yana da babban asibitin jiha, wanda ake kira CHR, ban da ƙananan asibitocin unguwa.
8. Bayan ka gama, ka wanke hannunka da sabulu.

*Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari:* idan akwai ƙullin da ake sayarwa a kantin magani, a zuba shi cikin lita 1 ta ruwa mai tsafta. Idan babu, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo. Yaro kuma a karɓo masa ƙwayar zinki ya sha kwana 10 zuwa 14, uwa ta ci gaba da ba shi nono.

Game da mai taɓin hankali: ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma da yawa suna samun sauƙi da magani har su koma gona. Kada a ɗaure shi da mari, kada a bar yara su jefe shi. Ka yi masa magana a hankali, ka ba shi abinci, ka tambayi sunan garinsu. Ma'aikatan asibiti za su nuna inda ake duba irin wannan ciwo. Idan kuwa yaro ne ka gani yana kwana shi kaɗai, ko ana cutar da shi, akwai lambar waya ta kyauta ta kare yara a Togo, 1011. Ofishin kula da jin daɗin jama'a na gunduma ma aikinsa ke nan.

6. Tsaftar tasha aikin wa ne?

Tun zaɓen 2019, an raba Togo zuwa ƙananan hukumomi 117, kowacce da magajin garinta. Tsakiyar Sokode tana cikin Tchaoudjo 1, Dapaong kuma tana cikin Tone 1. Kwashe shara da kula da kasuwa da tasha suna cikin ayyukan da doka ta ɗora wa waɗannan hukumomi. 'Yan kasuwa suna biyan kuɗin tikiti, don haka ba rashin kunya ba ne su je ofishin magajin gari cikin ladabi, ta hannun shugabanninsu, su tambayi ranar da za a kwashe juji ko a yashe masai.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa shida da kowace tasha da kasuwa take bukata, kuma jama'a za su iya tsayawa a kansu:

- Masai mai murfi, na maza daban, na mata daban, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma a gangare da ita. A bar ƙofa ɗaya a buɗe da dare. A yafe wa wanda ba shi da ko dala.
- Wurin wanke hannu a ƙofar masai da wurin masu abinci. Jarka mai ƙaramin rami da sabulu a igiya ta isa. Idan babu sabulu, toka ta fi babu.
- Garwar shara mai murfi kusa da kowace rumfa, da wanda aka sa ya kwashe ta kullum. Garwar da ta cika ta zube ta fi rashinta muni.
- Lambatu a yashe kafin ruwan farko, a Sokode tun watan Maris, a Dapaong kafin Mayu. Abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, kada a bar shi a baki ruwa ya mayar.
- Tayoyi da gwangwanaye a huda su, ko a kife, ko a cika su da ƙasa.
- Fitila a gefen da mata suke kwana da hanyar masai.

Kada ka ce wannan ya fi ƙarfinmu. Ƙasarmu ta riga ta nuna abin da haɗin kai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta rabu da kurkunu a 2011, da tundurmi a 2017, da ciwon barci a 2020, da amosanin ido a 2022. Ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta kawar da irin waɗannan cututtuka guda huɗu. Tsofaffinmu suna tuna lokacin da kurkunu ke kwantar da rabin gari a tsakiyar noma. Da tace ruwa, da wanke fuskar yara, da shan magani gida-gida aka ci nasara, kuma mutanen ƙauye ne suka yi aikin.

7. Idan kai ne tafiya ta kama

Wataƙila gobe kai ne za ka kwana a tasha ko a harabar asibiti. Ka shirya tun daga gida:

- Ka nemi sunan wani ɗan garinku ko shugaban majami'a ko limami a inda za ka, tun kafin ka tashi.
- Ka ɗauki gidan sauro, tabarma, mayafi mai kauri, sabulu, moɗarka da takalmi. Gidan sauro yana ɗauruwa ko a jikin ƙusa da sanda.
- Ka ɗauki katin asibiti da na rigakafin yara. Idan kana shan maganin tarin fuka, sida, hawan jini ko farfaɗiya, ka gaya wa ma'aikacin lafiya kafin ka tafi, ya ba ka wanda zai ishe ka da takardar da za ka nuna a can.
- Ka ware kuɗin motar dawowa, kada ka taɓa shi.
- Ka sayi abincin da aka sauke da zafi a gabanka. Ka guji wanda ƙuda ke bi.
- Idan da damina ne kuma kana tare da yaro ɗan wata 3 zuwa shekara 5, kada ya rasa maganin rigakafin maleriya da ake rabawa wata-wata a jihohin Savanes, Kara da Centrale. Ka tambaya a asibiti mafi kusa.
- Mace mai ciki ta ci gaba da zuwa awo ko a ina take. Shirin Wezou, wanda gwamnati ta fara a 2021, yana rage wa mata kuɗin awo da haihuwa a asibitocin gwamnati.

Iyaye, kafin ku bar yaro ko yarinya su tafi birni, ku tambaya: a gidan wa zai kwana? Wa zai kai shi asibiti idan ya kwanta? Idan babu amsa, tafiyar ba ta nuna ba. Haka kuma yawancin masu kwana a tasha daga wani gida suka fito. Tsohuwar da aka ce mayya ce, sau da yawa ruɗewar tsufa ce ke damun ta. Saurayin da ya fara surutai shi kaɗai, da an kai shi asibiti da wuri, da bai kai ga yawo tsirara ba. Riƙe naka a gida shi ne rigakafi na farko.

8. Abin da jama'ar ibada za su iya yi

Majami'a ko masallaci ba za su iya gina wa kowa gida ba, amma za su iya zama mai masaukin da aka rasa. Ku zaɓi mutum uku ko huɗu, har da mata, su riƙa zagaya tasha sau ɗaya a mako da yamma, su gaisa da mutane, su san sabo da tsoho, su lura da mai tari da mai ciki. Ku tara tsofaffin barguna da riguna kafin hunturu. Idan akwai ɗaki ko rumfa da ba a amfani da ita da dare, a ba masu jinya daga ƙauye. Wani ya ɗauki nauyin mai tarin fuka guda ɗaya, ya ga ya haɗiye maganinsa kowace safiya har wata 6. Matasa su sa ranar gayya ta yashe lambatu tare da direbobi da 'yan zemijan. Kada a tambayi mutum addininsa ko ƙabilarsa kafin a ba shi ruwa. Kotokoli ne, Moba ne, Bafillace ne, Bahaushe ne ko Mosi, sanyi ɗaya yake ji.

Idan za ku ba da taimako, ku kiyaye mutuncin mai karɓa. Kada a ɗauki hotonsa a waya ana nunawa. Ku tambaye shi abin da yake bukata. Wani kuɗin mota kawai yake nema ya koma gida.

Abubuwan tunawa

1. Masu kwana a tasha mutane ne irinmu, kowa da dalilinsa.
2. Tari na mako 2, a gwada majina. Zazzaɓi da sandarewar wuya, a tafi asibiti nan take.
3. Ƙuda, ruwa, hannu da ƙafa su ne hanyoyin da kashi ke bi ya dawo mana.
4. Kora tana ɓoye cuta, ba ta warkar da ita.
5. Masai a buɗe, sabulu a kusa, lambatu a yashe.
6. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A tasha ko kasuwar da ta fi kusa da ku, ina mutum zai zagaya da tsakar dare?
2. Su wane ne daga garinku suke birni yanzu? Kun san inda suke kwana?
3. Wa zai iya nuna wa sauran yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da yadda ake kwantar da wanda ya suma?
4. Cikin abubuwa shida da aka lissafa a kashi na 6, wanne za ku iya farawa a wannan wata, kuma wa zai jagoranta?

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya.